Ɗinkin Ƙarfe a Matakalar Iya

"Lafiya lau, in ban da ƙarar injinka da ta hana ni jin rediyo tun safe. Ina gajiya, Tartsatsi?"

"Ba gajiya, Tsoho. Ina tsufa?"

"Yana gaishe ka. Ya ce in faɗa maka yana nan tafe."

Masu wannan gaisuwa su ne wani tsohon tela da jikansa mai sana'ar walda, wanda kakan ya laƙaba wa Tartsatsi saboda babu rigarsa ɗaya da wuta ba ta yi wa huji ba. A gindin matakalar da ke hawa ɗakin Iya suke, wato matar tsohon, kakar saurayin. A kan matakalar nan Iya ta zame ta karye a ƙugu, kuma a ranar ne da la'asar za a sallamo ta daga asibiti. Likita ya gindaya sharaɗi: ko a kafa mata ƙarfen da za ta riƙa dafawa, ko a sauko da kayanta ɗakin ƙasa. Iya kuwa ta aiko cewa a ɗakinta za ta kwana ko da rarrafe. Shi ya sa jikan ya kawo injinsa, irin mai turo siririyar waya da kansa, da tukunyar gas a gefe, yana liƙa madafi a jikin ginshiƙan ƙarfe masu kauri da ke ɗauke da rumfar matakalar.

Tsoho ya jawo kujera ya zauna da wani ƙunshi a cinyarsa, ya gyara zaman tabarau. Rayuwarsa duk a kan keken ɗinki ta ƙare, don haka idonsa bai yarda da komai ba sai miƙaƙƙen layi. Abin da ya gani a jikin ginshiƙi kuwa tudu-tudu ne, wani bisa wani.

"Wannan fa? Zanzaro ne ya yi gini, ko kai ne?"

"Walda ke nan, Tsoho. Ka bari idonka ya farka tukuna."

"Idona ya zira zare a allura tun ubanka bai san hannun riga ba. Je ka dubi ƙofar gida da ka gyara bara, layi sumul kamar an ja da alli. Can da masu wucewa za su gani ka yi aiki. Nan da matata za ta dafa, ka zo ka jera mini kashin awaki."

"Matarka? Ai tun ranar da aka haife ni ta ce ta yi sabon miji. Tausayi ne ya sa aka bar ka a gidan."

"Ina wurin. Abin da ta ce shi ne, 'Wayyo, waɗannan kunnuwa fa?'"

"Ta ce irin na kakansa ne, a yi haƙuri."

Tsoho ya taɓa kunnensa bai sani ba, sannan ya yi sauri ya sauke hannun.

"Bar zancen kunne. Kankare wannan ƙazanta, ka yi mini irin na ƙofa."

Saurayin ya ɗage hular walda zuwa goshi, ya ƙwanƙwasa ginshiƙin da ɗan yatsa.

"Ƙofa falle ce, ba ta fi yadin da kake shafin aljihu da shi kauri ba. Daga sama na faro na gangaro da sauri, don in na tsaya wuta za ta huda ta. Wannan kuwa dubi namansa. In na gangaro a nan, narkakken ƙarfe zai riga wuta gudu, ya kwanta a baki ya rufe, ciki kuwa ko ɗumi bai ji ba. Dole in faro daga ƙasa in hau a hankali, ina kai hannu dama da hagu. Kowane ɗigo ya daskare sai ya zama wurin zaman na samansa, wuta kuma tana cin ƙarfen har can ciki."

"To ka kwantar da ginshiƙin mana, ka yi a shimfiɗe kamar mai hankali."

"In kwantar da ginshiƙi, rumfa ta sauko a kanka? Ai da na huta, amma Iya za ta tambaye ni."

"Ikon Allah! Ruwa ma gangarawa yake yi, amma jikana ya fi ruwa wayo."

"Ruwa ba zai riƙe Iya ba."

Maganar ta daki Tsoho fiye da yadda ya nuna. Tun da aka kwantar da Iya, duk lokacin da ya bi ta gaban matakalar nan sai ya kau da kai. Amma bai saba karɓar magana ba tare da ya taɓa da hannunsa ba.

"Ni ba a sayar mini da yadi a cikin leda. Yanko mini ƙyalle in gani."

"Ƙyallen ƙarfe?"

"Ko kunnuwan nan duk na ado ne?"

Jikan ya yi dariya, ya tsinto guntayen ƙarfe masu kaurin ginshiƙin, ya haɗa su biyu-biyu, ya ɗaure su a tsaye a jikin teburinsa. Sannan ya ɗauko wata hular walda ya kifa wa kakansa.

"Kai, Tsoho, yau ka yi kyau! Da haka ka je neman aure da ba a ja maka rai ba."

"Yi aikinka, ɗan nema. Ni ma na huta da ganin fuskarka."

Wuta ta tashi. Ta cikin baƙin gilashi Tsoho ya ga abin da bai taɓa gani ba. A haɗin farko, da hannun yaron ya gangaro, wani ɗan jan ruwa ya sulalo gaba da gudu, wutar tana biye da shi a baya, kafin ƙiftawar ido an kai ƙasa. A na biyu kuwa, hannun ya faro daga ƙasa, yana jinkirtawa a dama, yana jinkirtawa a hagu, kamar mai ɗaura ɗinki a bakin aljihu, jan ruwan yana zaune daram a ƙarƙashin wutar, ita kuma tana haƙa rami a kusurwa tana cikewa. Tsoho ya ji wuyansa ya gaji kafin a kai sama.

Da ƙarfen ya huce, ya cire hular ya duba. Na farko sumul, har da sheƙi. Na biyu kuwa gidan zanzaro.

"Ga nawa," in ji shi, yana nuna mai sheƙin. "Kyakkyawa da kyakkyawa. Wancan kuma naka ne, kun yi kama."

"Na karɓa. Ga guduma, kowa ya daki ɗan'uwansa."

"Ni in daki nawa?"

"Au, tsoro kake ji? Kawo in dakar maka, kada ƙashinka ya bi sahun na Iya."

"Cire hannunka! Hannun nan ya yanka yadin da ya fi ka tsawo."

Tsoho ya ɗaga gudumar da hannu biyu. Dukan farko ya sauka a kan tebur, wani kwano ya yi tsalle.

"Tebur ya amsa laifinsa, Tsoho. Saura ƙarfen."

"Gwaji na yi."

Ya sake ɗagawa. Wannan karon jikan ya sa hannu ɗaya a ƙotar, kakan kuma ya yi kamar bai gani ba. Ba su daɗe suna duka ba sai ƙas! Kyakkyawan haɗin ya buɗe baki, ƙarfe ɗaya ya faɗi ƙasa yana ƙara. Suka koma kan mummunan. Suka daka, suka daka, har gumi ya jiƙa wuyan rigar Tsoho. Ƙarfen kansa ya lanƙwashe ya sunkuya, amma haɗin ko gezau.

Tsoho ya sunkuya ya ɗauki wanda ya karye. Abin da hannunsa ya saba yi da riga shi ya yi: ya juya cikinsa waje. Ga gefen ƙarfen nan yadda aka yanko shi, da kaifinsa da komai, wuta ba ta taɓa shi ba. Waldar a fata kawai ta kwanta. Ya daɗe yana shafawa da babban yatsa.

"Wannan ai kamu ne," in ji shi a hankali. "Irin manyan takun da muke yi da allurar hannu kafin a kai kan keke. Wanda ya sa riga da shi ya ɗaga hannu, hammata ta tona masa asiri."

"Kai ka zaɓa. Ka ce kyakkyawa da kyakkyawa."

"Rufe mini baki."

Ya ajiye ƙarfen, ya taka zuwa matakala. Ya kama madafin da aka riga aka liƙa da hannu biyu, ya jijjiga, ya ja da baya, ya saki dukan nauyinsa a kai. Ƙarfen bai ko numfasa ba. Bai juyo ba ya ce, "Da can ni take dafawa."

Jikan ya shiga naɗe waya.

"Har gobe kai za ta dafa da hannu ɗaya. Ƙarfen na ɗaya hannun ne." Ya ajiye wayar. "Don in ka faɗi ta sami abin riƙewa ta ɗago ka."

"Allah ya shirye ka! To ko goge shi ba za ka yi ba, ya yi kyan gani?"

"Kaifin kawai zan ɗauke don kada ya kama mata zane, in shafa fenti. In na goge tudun, ƙarfin na goge."

"Bar shi da muninsa. Na saba zama da munana."

Ya koma kujera ya kwance ƙunshin nan, ya jefa wa jikan. Rigar aiki ce ta yadin tamfol mai kauri, mai dogon hannu, wadda ya ɗinka a kwanakin da Iya ke asibiti, gidan ya yi masa faɗi.

"Ungo. Na gaji da a ce jikan tela yana yawo kamar rariya."

Saurayin ya ware ta, ya ɗaga ta sama, sannan a tsanake ya juya cikinta waje. Ɗinki ne ninki bisa ninki, tudu-tudu, an bi an sake bi. Ya tura baki irin na kakansa.

"Wannan fa, Tsoho? Zanzaro ne ya yi, ko kai ne?"

"Daga ƙasa na faro."

Dariya ta kama su har Tsoho ya cire tabarau yana share ido.

"Na yarda ka ci, Tartsatsi. Ƙarasa sauran daga ƙasa, ka wanke fuska mu tafi ɗauko ta. Kai za ka tuƙa motar."

"Da ma ango ne ke zuwa ɗauko amaryarsa."

"Ango? Direba dai. Ni a baya zan zauna, kusa da matata."