Ciwon Hula

"To ina gajiya, mijin da ba ya cefane?"

"Gajiya tana nan daram, amaryar da ba haƙori. Ga burodinki."

Jikan nata mai gyaran firiji ne. Tun safe yake hawa benaye da akwatin kayan aiki, ya shigo ɗakin kakar tasa kamar tsumman da aka matse, ya zube kan kujerar jikin taga. Gobe da safe za ta ga likita, likitan kuwa Turanci kaɗai yake ji. Mai fassarar asibitin ta tafi haihuwa, shi kuma maigidansa ya ce duk wanda ya yi fashi gobe ya nemi wani aikin. Sai aka yanke shawarar koya wa tsohuwa Turanci a yammaci ɗaya. Duk wanda ya kawo shawarar nan, wallahi bai san ta ba.

"Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," in ji shi, idonsa a lumshe. "Ke kuwa kin bushe tun kafin a ƙirƙiro Turancin."

"Gemu ba ya hana ilimi, balle ni da ba ni da shi. Fara, malamin banza."

"Na sauƙaƙa miki. Kalmomin da za ki buƙata duk haruffa biyu ne a cikinsu, e da a, manne da juna. Kai, head."

"Hed."

"Madalla. Kunne, ear."

"Iya? Allah ya jiƙanta, yaushe ta shiga Turanci?"

"Ba Iya ba, kunne! Zafi kuma, heat."

"Tsaya. Ka ce uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, e da a. Me ya sa wannan ya ce e, wancan ya ce i?"

"Haka suke."

"Albasa ba ta yi halin ruwa ba ke nan. 'Yan gida ɗaya kowa da inda ya sa gaba, kamar ku. Ubanka mutum, kai kuma ga ka nan."

"Ni na yi Turancin ne? Yare ne mai wuya."

"Wuyar me? Mu ma muna da irinta. Tsakanin jika da jaka harafi ɗaya ne, kuma ba jakar ratayawa nake nufi ba, mai dogayen kunnuwan nan."

Ya yi dariyar da ba ta da ƙarfi, ya murza ido. "Numfashi, breath."

"Buredi."

"Wannan burodi ne, bread. Shi ma e da a. Numfashin sai kin sa harshe tsakanin haƙora."

"Waɗanne haƙoran? Ka ba ni aron naka in dawo maka da su jibi. To zuciya fa?"

"Heart."

"Hat."

"Hula kika ce. Ja shi kaɗan."

"Haat. Hat. Sake faɗa."

Ya sake. Ta maimaita a hankali, tana kallon bango, ba zagi ba tsokana. Ya wuce zuwa kasala, weak, ta dawo da shi kan zuciya. Ya ce su koma kai, ta ce a'a, zuciyar dai. Can ya buɗe ido sosai, ya gyara zama.

"Kaka, ke da kika ce min gwiwa ce? Gwiwa ai ba ta cikin 'yan gidan nan, na bar ta sai ƙarshe."

"Gwiwa kai na faɗa wa."

"Likita fa?"

Ta murza ledar burodin, sannan ta nuna ƙirjinta. "In na hau matakalar nan, nan wurin sai ya riƙe kamar an ɗaure shi da igiya. Numfashi ya ƙi isa. Tun makon jiya."

"Tun makon jiya! Shi ne kika yi shiru?"

"In faɗa maka ka yi yaya? Kullum ka shigo kamar gawa ta ƙi rami. In ƙara maka kaya, a kore ka, wa zai auri matalauci irinka bayan ni?"

Tsoro ya kama shi, gajiyar ta gudu. Matar nan ita ta goya shi, ga shi ta zauna tana haddar sunan ciwonta don kada ta tayar masa da hankali. Ya laluba aljihu ya ciro waya.

"Wa za ka kira?"

"Maigida. Gobe tare za mu."

"Aikin fa?"

"Ƙanƙarar duniya ta narke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuma ban yarda da Turancinki ba. In na sake ki ke kaɗai, ki ce wa likita hularki ke ciwo, sai ya tura ki wajen tela."

"Ashe dai malamin ne ya faɗi jarrabawa."

"Na faɗi. Kin ci, tsohuwa."

Ta yi dariya har sai da ta dafe ƙirji, shi kuma bai iya taya ta ba. Ta yaga burodin biyu, ta miƙa masa ɓangare mai laushin.

"Ungo numfashi, mijina. Ci, ka fi ni buƙata."