Wa Zai Gaji Kujerun Jaja?

"Ina kwana, Jaja? Ashe ka wayi gari da ranka."

"Na waya, don baƙin cikinki. Ina allon da na aike ki?"

Safiyar Lahadi ce a wurin ajiye motoci na bakin filin wasan ƙwallo, irin wadda ake runguma a ruga da ita ko a jefa ta da hannu, iskar tafki tana yankan kunne kamar reza. Norbert Pawlak, wanda jikoki ke kira Jaja, wato kaka, yana zaune a bayan akori-kurarsa, bargo a cinya, yana juya tukunyar wake da niƙaƙƙen nama a kan risho, kamar yadda magoya baya ke yi kafin wasa. Yau ne wasan gida na ƙarshe a bana, shi kuma na ƙarshensa ke nan baki ɗaya, don likita ya ce gwiwoyinsa sun gama hawan matakala. A aljihun ƙirjinsa akwai takardar ofishin tikiti, ta kujeru biyun da yake riƙe da su tun yana da gashi a ka. Doka ta yarda ya mayar da su sunan wani na jininsa, kuma kafin a take wasa zai miƙa takardar. Gurbin sunan har yanzu fayau yake. Jikoki biyu gare shi a garin, Dustin mai dillancin motoci, sai wannan da ke tsaye gabansa, Renata, malamar lissafi a sakandare, wadda tun tana cikin zanen goyo ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba.

Ta zaro allon daga hammata ta juyo masa shi. Da ma ya ce mata ta rubuta KU RUGA DA ITA. Abin da ya gani da jan fenti shi ne KU JEFA MANA.

Ludayin ya tsaya cak a hannunsa.

"Wane ɗan iskan ne ya rubuta wannan?"

"Jikarka. Ka ga yadda haruffan suka miƙe?"

"Ni ba ni da jika. A asibiti aka yi mana musanye, tun ranar na faɗa wa uwarki. Kai kamar ƙwallon da aka zauna a kai!"

"Kanka na gado, Jaja. Sai dai nawa da abu a ciki."

Ya fizge allon, ya kifa rubutun, ya jingina shi jikin risho ya tare iska.

"Nan ne amfaninsa. Ke, makon jiya kina duniya kuwa? Yadi ɗaya ya rage mu ci! Yadi ɗaya! Ko ni da sandata zan faɗi in kai. Dama huɗu a hannunmu, ga ƙato a baya cinya kamar turmi, ana biyansa don ya rungumi ƙwallo ya kutsa. Me kocin nan mai fuskar ɗan makaranta ya yi? Jifa. Ta faɗi. Jifa. Ta faɗi. Na uku sai ga ta a hannun abokan gaba, kamar an aika musu kyautar Kirsimeti!"

"Kafin nan sau nawa suka ruga?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ƙirga. Sau goma sha tara. Kowane gudu yadi biyu, wani ma da baya-baya. Ƙaton naka yana zuwa ya daki bango ya kwanta, ya tashi ya sake dukan bangon. Ko tunkiya ta yi karo sau uku tana canza hanya."

"Haka ake rushe bango, jahila mai digiri! Ka yi ta dukansu tun farko, zuwa ƙarshen wasa ƙafafunsu sun zama taliya, sannan ka bi ta kansu. Sannu ba ta hana zuwa."

"Ƙarasa mana. Sai dai a daɗe ba a je ba. Mu kuwa tun kafin a haife ni muke hanya."

Maƙwabcinsu da ke gasa fukafukan kaza ya tuntsire da dariya. Norbert ya watsa masa harara, mutumin ya koma kan kajinsa.

"Dubi tutocin can," in ji tsohon, yana nuni da ludayi. "Dubi yadda iska ke neman yage su. A garin nan, a watan nan, mutum mai hankali zai saki ƙwallo sama? Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ƙwallo tana cikin hammatarka taka ce. Ka sake ta, ta zama ta iska da 'yan fashi."

"To me ya sa aka ɗauko majefin da ya fi kowa tsada a ƙungiyar? Don ya riƙa miƙa wa na baya ƙwallo kamar mai raba faranti a coci? Ƙattin gabanmu biyar, uku suna kwance da rauni. Waɗanda suka rage ko ƙofar shago ba za su ture ba. Gudu ta ina? In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza."

"Rawa! Ai ita kuka iya. A zamaninmu mutum yakan ci, ya miƙa wa alƙali ƙwallo, ya tofar da haƙori ya koma layi."

"Shi ya sa duk abokanka miya kawai suke sha."

Ya buga murfin tukunya har risho ya girgiza. Haushin gaske ne ya taso masa yanzu, har cikin kunne. Ya zaro takardar ya kaɗa ta a fuskarta.

"Kin ga wannan? Layi na ashirin da biyu, duk wanda ke zama a wurin ya san muryata. Duk Lahadi sai na miƙe na faɗa musu gaskiya. Ba zan bar wurin nan ga wadda za ta je ta yi mini ridda a kai ba. Ɗaga hannu ki rantse, duk wasa za ki miƙe ki ce a ruga da ita. Ki rantse, in rubuta sunanki yanzu."

Renata ta cusa hannuwanta biyu cikin aljihu.

"Ba zan rantse ba."

"Dustin ya rantse. Jiya. Ko ƙifta ido bai yi ba."

"Dustin ya rantse wa wata baiwar Allah cewa motar da aka tsamo daga kogi ba ta taɓa ganin ruwa ba. Ka tambaye shi abin da ya faru makon jiya?"

Norbert ya riga ya tambaye shi. Dustin ya ce ai an yi ƙoƙari, wasa ne, wata rana a ci wata rana a sha kashi. Tsohon bai iya cin abincin rana ba saboda wannan amsar.

"Ka ba shi," in ji Renata. "Ka ba shi, kafin sabuwar shekara ya sayar wa magoya bayan baƙi, su zo da rigunansu su zauna inda kaka Halina ta zauna. Ni dai ba zan yi maka ƙarya ba. Kana tsammanin kai kaɗai abin ya ƙona? Jifa na ukun nan, da majefin ya duba hagu, ga yaronmu yana tsaye shi kaɗai yana ɗaga hannu kamar mai tsayar da bas! Shi kaɗai, Jaja! Makaho ma ya gan shi! Na wurga kofin shayina ya fasa gilashin tagar ɗakin girki, yau kwana bakwai da kwali nake toshe ta!"

"Tagar gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya!"

Ya kalle ta. Jijiyar wuyanta ta miƙe, hancinta ya yi jawur, masu gashin kaza duk sun juyo.

"Hannu mai kyau," ya ce can ƙasa-ƙasa. "An ɓata shi da mugun ra'ayi."

"Kai mai kyakkyawan ra'ayin, shekara nawa kana ihun?"

"Arba'in da ɗaya."

"Sau nawa suka ji ka?"

Ya sosa sanƙonsa ta ƙarƙashin hula.

"Sau ɗaya. Filin ya yi tsit, na miƙe na ce a ruga da ita. Koci ya waiwayo, na rantse ya waiwayo. Suka ruga."

"Sai aka yi yaya?"

"Ina ruwanki?"

"Jaja."

"Ta suɓuce wa mai gudun," ya ce. "Abokan gaba suka ɗauke, suka ci mu da ita. Kakarki ba ta yi mini magana ba sai Laraba."

Dariyar ta ƙwace masa ba da son ransa ba, ta haɗu da tari, har Renata ta riƙa bubbuga masa baya, da ɗan ƙarfin da ya wuce na taimako. Da ya sarara ya laluba aljihu.

"Ba ni biro, 'yar musanye. Juya bayanki."

Ya ɗora takardar a gadon bayanta ya rubuta sunan, yana danna biron da gayya.

"Wayyo! Sunan kake rubutawa ko allura kake yi mini?"

"Ungo. Je ki miƙa kafin hankalina ya dawo. Ki hau can ki yi ta ihun shirmenki duk Lahadi. Ranar da suka ji ki, ki zo kabarina ki ba ni labari. Sai dai ki taho da gudu."