Ranar da Tauraro Ya Ƙara wa Gonata Tsayi

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da tauraron ɗan Adam ya kusa mai da ni mai arziki ba. Wasu ma'aikata ne suka zo ƙauyenmu daga Ƙaura don duba inda za a haƙa magudana, saboda kowace damina ruwa na cin gidajen gabas. Shugabansu Injiniya Bulus ne, mutumin kudancin Kaduna. Suna yawo da wani ƙarfe mai ƙafa uku, su kafa nan, su kafa can. Duk inda aka kafa kuwa ina wurin (sana'ata ke nan, zuwa inda ba a kira ni ba).

Da suka iso gonata mai mangwarori, Injiniya ya dubi na'urarsa, ya dubi taswira, ya yi dariya. "Baba, wannan gona taka tauraro ya ƙara mata tsayi ba kaɗan ba."

Ban tsaya jin sauran ba. Bokona bai wuce aji biyu ba, amma na san ƙari. Tauraro a sama yake, ba ya cin goron kowa. In ya ce gona ta ƙaru, ta ƙaru. Kuma ina za ta miƙe in ba cikin gonar taubashina Isiya ba? Da la'asar na ɗauki fartanya, na tumɓuke gambar da ke kan iyakarmu, na dasa ta can ciki. Ran kasuwar Zurmi har waɗanda ba su tambaye ni ba na ba su labari. Matata Hajara na yi mata alkawarin atamfa.

Isiya ya kai ƙara wurin mai gari. Na zura babbar riga, na tafi fada da murna, na ce a kira mini shaidata.

"Ranka ya daɗe," in ji Isiya, "wanga tsoho ya ce tauraro ya ba shi gonata. Ni dai ban ga ranar da ya sauko ba."

Na gyara zama. "Injiniya, faɗa musu."

Bulus ya sosa ƙeya. "Baba, tsayin sama nake nufi, ba na gaba ba. Tauraro daga sama yake awo. In ya ga kan mangwaro sai ya zaci ƙasa ce. Duk inda itatuwa suke haka yake yi, ya mai da kwari tudu. Shi ya sa muke auna ƙasa da kanmu, mu rage abin da ya ƙara a taswirar duka. Da muka rage, gonarka ta fi ko'ina kwari. Ta nan magudanar za ta bi."

Mai gari ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na motsi. Isiya ya juyo a hankali. "To taubashi, mi kake jira? An ba ka sama. Hau mangwaron ka shuka gero."

Da babbar rigar nan na mayar da gambar, Isiya na kishingiɗe a inuwa yana nuna mini ramukan da ƙafa. Magudana ta ratsa gonata, gidajen gabas suka huta, ni kuma na samu suna: Mai Tauraro. Hajara har yau in ta ga dare ya yi sai ta dubi sama ta tambayi atamfarta.

Yanzu in aka ce an ƙara mini tsayi, ina tambaya ta ina kafin in taɓa fartanya.