Hawayen Manaja

Allah ya yi wa Manajan kamfanin fenti baiwar da ba kowa ke samu ba: zuciya mai laushi. Shi kansa bai san da ita ba sai ranar Laraba, da ya kalli wani fim na labarin gaskiya, a kan lebura da ya shekara shida yana goya ɗansa mai ciwon ƙafa zuwa makaranta. Manaja ya yi kuka. Ya ɗauki hoton kansa yana kukan har sau uku, domin a biyun farko haske bai kama hawayen ba. Kafin a tashi aiki, ma'aikata sun raɗa masa Baban Kowa.

Mutum mai kirki irinsa ba ya kuka shi kaɗai. Ya liƙa sanarwa: Asabar, ƙarfe tara, kowa ya hallara a ɗakin taro a kalla tare.

Direbansa ya tsaya a bakin ofis yana murza hula.

"Ranka ya daɗe, Asabar ɗin nan ake yaye babban ɗana a jami'a. Sha ɗaya za a fara kiran suna."

"Ka ji matsalarku ke nan," in ji Manaja. "Ana so a koya muku zama uba, kuna neman hanyar gudu. Kai ne ma za ka riƙe rimot."

Ranar Asabar ya zauna a gaba, da hankici biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na ko-ta-kwana. Fim ɗin awa ɗaya da rabi ne, in ba a tsayar ba.

"Tsayar! Ku dubi ƙafar bawan Allahn nan. Ni nan da kuke gani, na san wahala, na taɓa kwana a otal ba ruwan zafi. Sakatare, idonka bai yi ja ba. Mayar baya!"

Mai shara, wadda ta binne ɗa bara, ta kalla shiru, hannuwanta a cinya. Manaja ya lura, ya ce wasu dai zuciyarsu dutse ce.

Goma da rabi, lebura bai ko kai yaron aji biyu ba. Direba ya daina kallon fim, ya koma kallon agogon bango. Sai wayar Manaja ta yi ƙara. Uwargida ce. Ya sa ta a sifika, don jama'a su ji yadda ake riƙon gida.

"Kana ina? Har sun shiga layi. Yaron nan sai waige yake yi."

"Wane layi?"

"Yau ake yaye ɗanka!"

"Ba baɗi ba ne?"

Jami'a ɗaya ce a garin. A shekara sha huɗu na aiki, direba bai taɓa tuƙi da daɗin rai irin na ranar ba. Sha ɗaya saura biyar suka isa.

Ɗalibai na tsaye a jere, riga iri ɗaya, hula iri ɗaya. Manaja ya ware hannuwa, ya ratsa taro, ya rungume wani dogon saurayi, ya kifa kai a kafaɗarsa.

"Ɗana! Allah kaɗai ya san wahalar da na sha a kanka!"

Saurayin mai ladabi ne. Ya jira har kukan ya lafa.

"Na gode, ranka ya daɗe. Naka ga shi can, mai tabarau. Ni ɗan direba ne. Don Allah ɗan matsa, Babana na bayanka."