Bikon Nomau

A ƙauyen Gidan Tsamiya akwai wani manomi, Nomau. Mutumin kirki ne, sai dai kan nan nasa, Allah Sarki! Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Tasalla, da Goggo Kande da ta rene shi. To, Tasalla ta yi yaji. Ta ce ta gaji da yi wa bango magana, in ba a gyara ba aure ya ƙare. Nomau kuwa yana sonta kamar ransa, har tuwo ya daina shiga.

Wata rana Goggo ta ce, "Kafin ka je biko sai ka koyi sauraro. In mutum na magana, ka fuskance shi." Yana fita sai ga Malam Sambo bisa keke, ya jefo masa gaisuwa. Nomau ya sha gabansa yana gudu da baya, ido cikin ido. Malam na ta cewa, "Ina gajiya? Ina iyali?" Ba a kai ga "ya gona" ba, sai ji kake tsundum, Nomau a kududdufi. Ya ɗago kai da gansakuka ya ce, "Ci gaba, Malam, ina fuskantarka."

Wata rana kuma Goggo ta ce, "Kai, ɗan nan! To, abin da aka faɗa maka ka maimaita, a san ka ji." Aka je suna gidan Mai unguwa. Jatau mahauci ya raɗa masa wata magana a kunne. Nomau ya gyara murya ya ce, "Wato ka ce miyar gidan Mai unguwa ba gishiri, ragon kuma ƙashi ne zalla?" Jatau ko takalminsa bai tsaya ɗauka ba.

Wata rana Goggo ta gaji, ta ce, "Tashi ka je bikon. Amma kul ka buɗe baki, sai ta ce ta gama."

Ya isa gidan surukai da hantsi. Surukinsa ya ce, "Sannu da zuwa." Shiru. Aka ce lallai wautar ta ƙaru. Aka dai turo Tasalla zaure, ta zazzage masa: ranar da take magana yana ba jaki dusa, ranar da ta ce tana son tsamiya ya kawo tsintsiya don rabin maganar ya tsaya ji. Ta numfasa, tana jiran ya kare kansa. Shiru, ido kawai ya zuba mata. Ta ƙara. Aka yi azahar, aka dawo, shiru. Faɗa ya ƙare mata kaf, sai abin da kunya ta hana ta faɗa tun farko. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wata uku ina kewaya maka zance. Juna biyu gare ni."

Hawaye suka zubo wa Nomau, amma bakin nan gam.

"Wai ba za ka ce komai ba?"

Ya girgiza kai.

"To, na gama!"

Ya share ido ya ce, "Wato kin ce zan zama uba?"

Tasalla ta tuntsire da dariya, ta leƙa cikin gida ta ce, "Inna, miƙo mini ƙullin kayana. Yau dai ya ji."