Motar Karan Da Ta Ƙi Tafiya

Ko me zan manta a Abuja, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je koya wa yara motar kara ba.

Makarantar 'yata Ummi da ke Kurudu ce ta roƙi iyaye su ba da gudummawar kayan aikin hannu. Wasu suka kai kwali, wasu takardu masu launi da gam. Ni kuwa, uban iyayi, sai na sa aka auno min damin karan dawa daga ƙauyenmu a motar haya. Na ce wa Ummi yau za ta ga abin da babanta yake ƙerawa yana yaro. (Ashe ta bi aji kaf tana yi min talla.)

Malamarsu ta dubi damin, ta dube ni. "Oga, wannan na wuta ne ko na aiki?"

"Ke dai tara min su, Malama."

Yara suka kewaye ni. Na ɓare kara, ƙamshinsa ya kai ni ƙofar gidanmu bayan girbi, har idona ya ciko. Daga nan kuma komai ya tsaya. Na soka tsinke, totuwar ta rabe. Na sa taya, ta fice. Bawon karan ya yanke ni a yatsa, jini har kan farar shaddata. Wani ɗan ƙaramin yaro ya ce, "Ankul, motarka ya yi hatsari?" Ajin ya ɗauki dariya, Ummi ta sunkuyar da kai.

A tsugune a wurin, gaskiya ta faɗo min: ban taɓa ƙera motar kara ba. Yayana Habu ne yake ƙerawa, ya ɗaura mata zare ya miƙo min, ni kuma in ja ina "bib-bib" da baki. Shekara da shekaru ina taƙama da hannun wani.

A hanyar gida Ummi ta ce, "Baba, to mu kira wanda ya iya mana."

Yaya Habu ya rasu tun kafin a haife ta, kuma ban taɓa kewarsa kamar ranar ba.

Karan dai mai ƙosai ta bakin makaranta ce ta more shi. Ni kuma na koyi darasi: direba zai kawo maka kara daga ƙauye, amma ba ya ɗauko hannun da ya iya.