Gilashi Ne Ba Ya Warkewa

Ba zan taɓa mantawa da kiran wayar nan ba, ko da zan manta hanyar gidanmu. Har yau in wayata ta yi ƙara a cikin mutane sai gabana ya faɗi.

Mu biyu ke da shagon gilashin mota a bakin titi, wajen unguwar Dogo Tebo a Potiskum: ni da yayana, Ya Bukar. Shi ne hannu, ni ne baki. Shi zai auna, ya yanka, ya ɗora wa tirela ko Keke Napep gilashi ya zauna daram kamar daga kamfani. Ni kuma ina kan benci ina ciniki, ina yi wa direbobi daɗin baki, ina amsa sunan Manaja (ni na raɗa wa kaina sunan, gara in faɗa kafin wani ya faɗa). Iyalinsa da nawa da tsohuwarmu, duk daga hannun nan nasa na dama muke ci. Na sani, shi ma ya sani, amma bai taɓa furtawa ba don shi ba mai yawan magana ba ne.

Wata rana wani ma'aikacin kamfanin inshora, Malam Idi, ya zo mana da tallar irin wadda ake kira takaful, wadda malamai suka ce babu laifi a cikinta. Ya Bukar yana saman wata tifa yana cire tsohon gilashi. Ko saukowa bai yi ba, ya ce, "Kai ka iya magana da su. Ka zaɓa mana mai kyau."

Na gyara zama. Akwai direbobi a bencin suna jiran aiki, ni kuma in na ga masu sauraro sai bakina ya fi ƙarfina. Malam Idi, mutum mai murya kamar ladan, ya yi min bayani dalla-dalla. Akwai ta gobara da sata. Akwai ta fashewar kaya, ko a shago ko a hanya in an ɗauko daga Kano. Waɗannan na karɓa hannu bibbiyu. Sai ya ce akwai kuma ta mutanen da ke aikin, in wani ya ji rauni su ɗauki nauyin maganinsa, in ya nakasa su ba shi abin da zai riƙe kansa. Ƙarin da za mu yi a kai ba wani abin a zo a gani ba ne.

Na kalli direbobin nan, na kalli Malam Idi, na ce, "Haba Malam! Mutum in ya yanke ai warkewa yake. Gilashi ne ba ya warkewa."

Aka kwashe da dariya. Wani direba har da buga cinya. Daɗi ya kama ni, na sake maimaitawa don wanda bai ji ba ya ji. Malam Idi bai yi dariya ba. Ya ɗaga kai ya kalli Ya Bukar a saman tifa, ya ce, "Manaja, ka sake tunani." Na ce na gama tunani, tun muna yara yake yanka gilashi, filasta ce iyakarsa. Kuɗin da na rage kuwa allo na yi mana da su, babba, mai fitila, da sunana ɓaro-ɓaro a jiki.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Da yamma muna rufe shago Ya Bukar ya tambaye ni, "To me da me aka yi wa?"

A nan wayona ya motsa. Na ce a raina, in mutumin nan ya san in gilashi ya fashe za a biya, hannunsa zai saki, ya daina lallaɓa kaya. (Mutumin da tun da nake ban taɓa ganin ya yar da ko kofin shayi ba!) Sai na ce masa, "Gobara ce da lafiyarmu, ni da kai. Gilashi kam in ya fashe a hannu ba ruwansu, asararmu ce."

Ya ce, "Madalla. Allah ya tsare." Ya je gida ya gaya wa matarsa, Ya Falmata, ita kuma ta gaya wa dangi cewa Manaja ya yi abin kai.

Ranar Laraba abin ya faru, ranar kasuwar shanu. Duk ɗan Potiskum ya san yadda titi yake a ranar, tireloli a jere ana lodi. Wani bijimi ya ƙwace wa masu lodi ya biyo titi a guje, igiya na jan ƙasa, ana ihu a bayansa. A daidai lokacin Ya Bukar ya fito daga sito rungume da babban falle na gilashin da ba a yanka ba, irin wanda gefensa ya fi aska kaifi. Ni na fara hango bijimin. Na yi tsalle na faɗa cikin Keken wani kwastoma, kuma abin da ya fito daga bakina ba "Gudu!" ba ne. Wallahi cewa na yi, "Gilashin!"

Ni da na san an yi masa inshora.

Ya Bukar yana da lokacin da zai watsar ya tsallake kwata. Bai watsar ba. Juyawa ya yi yana neman bangon da zai jingine gilashin, bijimin ya bangaje shi da kafaɗa ya wuce, suka zube tare da gilashin. Da na fito daga Keken, jini na tsartuwa daga wuyan hannunsa na dama, shi kuma yana kallon tarkacen yana cewa, "Ka yi haƙuri, ya fashe."

A asibiti suka tsayar da jinin. Likita ya ce jijiyoyin da ke motsa yatsu sun tsinke, sai an kai shi babban asibiti a Kano an yi aiki, kuma kada a ɓata lokaci.

Washegari da hantsi dangi suka cika gefen gadonsa. Baba Modu, ƙanin mahaifinmu, dillalin shanu ne, ya zauna a kujera ɗaya tilo da ke wurin. Abin da ya fi ci min rai shi ne hankalin kowa a kwance yake. Ya Falmata tana zuba kunu tana cewa, "Alhamdulillahi da Manaja ya yi mana inshorar nan, da yanzu ina za mu sa kanmu?" Baba Modu ya ce, "Ai yaron nan akwai hangen nesa." Ni kuma, maimakon in buɗe baki in faɗi gaskiya a fara neman mafita, sai na gyaɗa kai na ce, "Ana kan magana da su." Tsoro nake ji, kunya nake ji, amma yabon ma bai daina yi min daɗi ba. Ka ji irin halina.

Wayata tana kan gadon, na sa caji. Tun da ta faɗa ruwa ba a jin magana a kunne sai an sa lasifika (mai gyaran gilashin mutane, ga fuskar wayarsa a tsattsage, wannan ma wani zance ne). Sai ta yi ƙara. Sunan da na ajiye lambar da shi ya fito manya-manya: Malam Idi Inshora. Kafin in miƙa hannu Ya Falmata ta ce, "Ga su nan ma!" Ta danna, ta ɗora wayar a kan bargon mijinta.

"Manaja, sannu da jaje, yanzu nake jin labari," in ji Malam Idi, muryarsa ta cika ɗakin. "Ka kwantar da hankalinka, gilashin nan za a biya shi tsaf. Ka dai ɗauki hotonsa kafin a share."

Na ce, "To, to, zan kira ka anjima."

Baba Modu ya matso da kujerarsa. "Malam, babansu ne ke magana. Bar ta gilashi tukuna. Maganar Kanon fa, yaushe za ku turo a tafi da shi?"

Malam Idi ya ce, "Baba, ai ba a yi ta mutane ba. Ta kaya kawai aka yi."

"Kamar yaya?"

"Wallahi Baba na roƙe shi, Allah ne shaidata. Ya ce min mutum in ya yanke warkewa yake, gilashi ne ba ya warkewa."

Bai ƙara ko harafi ba, bai rage ba. Wani dattijo da ke gadon kusa, wanda ko sunanmu bai sani ba, ya ce, "Inna lillahi." Baba Modu ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya Falmata ta kashe wayar, ta zare cajin, ta sa min ita a aljihun gaban riga ba tare da ta kalle ni ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na so wani ya zage ni, ko Baba Modu ya sharara min mari in samu abin riƙewa, amma ban samu ko ɗaya ba.

Ya Bukar ne ya yi magana, a hankali, idonsa a kan hannun da aka naɗe.

"Ashe gilashin yana da inshora?"

Na ce, "E, Ya Bukar."

Ya ce, "Da ka gaya min ai da na sake shi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma har yau bai sake tayar da zancen ba.

Sai a ranar aka fara neman yadda za a yi. Baba Modu ya sayar da saniyarsa, na sayar da babur ɗina, Ya Falmata ta fitar da 'yan kunnenta. Kafin a haɗa kuɗin a isa Kano an ɗan makara. An yi aikin, hannun yana nan a jikinsa, amma yatsu uku ba sa dunƙulewa, abin yankan gilashi ma zamewa yake daga cikinsu. Kamfanin inshora kuwa ya cika alkawari. Tun Ya Bukar yana kwance aka kawo mana sabon falle, yana ta ƙyalli a jingine a sito.

Yanzu shi ke zama a benci, ni ke ɗauka. Ina koyon yanka da furfura a gemu, ina ɓata kaya, direbobin da suka saba da aikinsa da yawa sun koma wani wuri. Na je da ƙafata na sami Malam Idi aka yi mana ta mutane, bayan ɓarawo ya tafi na gyara ƙofa. Na so in sauke allon nan mai sunana, Ya Bukar ya ce a bar shi, an riga an biya.

Darasin da na koya guda biyu ne. In za ka yi wa kaya inshora, fara duba wa ke ɗauke da su. Sannan in za ka yi barkwancin banza, kada ka yi shi gaban mutum mai riƙe magana.

Duk ranar Laraba in na rungumo gilashi daga sito, Ya Bukar yakan ɗago kai daga benci ya ce, "Manaja, in ka ga sa, ka saki." Direbobi su yi dariya, sun ɗauka wasa yake.